Filin Ƙanƙarar Maiwada

Duk wanda ya zauna unguwar Sih ta Madina wajen ƙarshen shekarun 1970 ya san Maiwada, kuma duk wanda ya san Maiwada ya san Amurka, ko ya nema ko bai nema ba.

Ɗalibi ne a jami'a, kamar sauran 'yan Najeriya da suka kama ɗakuna a unguwar da iyalansu. Bambancinsa da su ɗaya ne. Kafin ya zo Madina, wani attajiri ya ɗauke shi ya raka ɗansa wata kwaleji a arewacin Amurka, aikinsa kawai ya riƙa tayar da yaron sallar asuba. Yaron bai tashi ba, sanyi kuma ya koro Maiwada tun dusar ƙanƙara ba ta narke ba. Amma kafin ya gudo an kai shi kallon wasan hoki, wanda samari ke yi a kan daskararren ruwa, da sanduna masu lanƙwasasshen baki da takalma masu kaifin wuƙa a ƙasa. Sau ɗaya aka kai shi. Ya dawo da jar rigar ulu mai kauri irin ta magoya bayan kwalejin, da labarin da kullum ƙara tsawo yake yi.

A shagon shayin Jumare ake sauraronsa. Nan 'yan unguwa ke zama bayan la'asar, kuma shagon ƙofa ɗaya gare shi, a bakinta Maiwada ke zama.

Ranar da abin ya faro, maganar ƙwallo ake yi. Kowace shekara bayan jarrabawa, samarin Sih da na unguwar Jurf sukan kara a ƙwallon ƙafa, kuma kowace shekara Jurf ke ci. Lawali, jagoran magoya bayan Jurf, ya taso takanas daga unguwarsu don ya tuna wa Shittu, kyaftin ɗin Sih, wannan tarihi.

"Bana a filinku za a yi," in ji Lawali. "Tausayinku muka ji. Aƙalla in an tashi ba ku da nisan tafiya da kunya."

Shittu ya sunkuyar da kai cikin kofin shayinsa. Maiwada ya gyara zama.

"Ya shehi, kai ba ka san wasa ba. Ba ƙafa ke cin wasa ba, fili ke ci. A can..."

"An fara," in ji Lawali. "Jumare, ƙaro shayi, jirgin Amurka zai tashi."

"A can, baƙo tun daga bakin ƙofa yake faɗuwa. Gida ne rufaffe, sanyi kamar cikin firji. Katanga zagaye da fili, ɗalibai na dukanta da hannu har ka ji haƙoranka na kaɗawa. In baƙi suka shigo, kowa ya buɗe jarida ya rufe fuska, wai ko kallo ba su isa a yi musu ba. Mai tsaron gidansu kuwa, a yi ta kiran sunansa da baki ɗaya har ya manta abin da ya kawo shi. Da 'yan gida sun ci ta farko, sai a wurgo kifi tsakiyar fili."

"Kifi?"

"Ɗanye."

Wani dattijo da ya tashi a Sudan ya ce shi kam bai ga filin da ya kai na Omdurman ba, inda ihu ke sa tsuntsu ya sake hanya. Wani ya ce duk wanda bai shiga filin Kano ranar da 'yan kudu suka zo ba, bai san ƙara ba. Wani saurayi haifaffen Madina ya faɗi nasa da Larabci a kan filin Jidda, aka ba shi amsa da Hausa. Maiwada ya bari kowa ya gama, yana murmushin mai haƙuri da yara.

"Duk wannan hayaniya ce. Ni tsari nake gaya muku. Ku ba ni filin Sih da 'yan kallonsa, ko da guragu Shittu ya shigo, sai mun ci."

"Na gode," in ji Shittu.

Lawali ya ajiye kofi. "To mu yi haka. Ka shirya filin yadda kake so. In kun ci, zan sa jar rigar nan taka in taka da ƙafa daga nan har Jurf da tsakar rana. In mun ci, kai kuma ka bar mana Amurka. Ba 'a can', ba ƙanƙara, ba kifi, har ranar da za ka bar Madina."

An ga 'yan Sih da dama, waɗanda ba su taɓa yi wa Jurf fatan alheri ba, suna kallon Lawali da wani irin bege.

"Halas, na yarda," in ji Maiwada. "Jumare, kai ne shaida."

Sai da ya isa gida ya lura cewa in aka cire Amurka daga hirarsa, abin da ya rage bai wuce gaisuwa ba. Wannan ya sa ya tashi tsaye.

Filin da ake wasan wani fegi ne fetal a bayan gidan Ammi Abdussamad, wato Baffa Abdussamad, dillalin dabino, wanda kakansa ya zo daga Katagum da ƙafa ya zauna. Shi ɗan ƙasa ne, Hausarsa tsohuwa, Larabci na cike mata giɓi. Maiwada ya same shi a ƙofar gida yana tsince dabino a faifai.

"Ammi, so nake in kewaye filin nan da kwano, in shirya wa abokan gaba tarba."

"A'uzu billahi. Muna da abokan gaba?"

"'Yan Jurf."

"Af! Ya waladi, ɗana, ai baƙi ke nan. Ahlan wa sahlan. Zan sa a dafa gahawa, in fito da dabinon ajwa mai kyau."

"Ammi, ba a ba su komai. So ake su tsorata."

Tsoho ya ɗago ya dube shi ta saman tabarau. "A Madina? Mutum ya tako unguwarka da ƙafarsa, ka tsorata shi? Kai dai yi kwanonka. Gahawa tawa ce."

Maiwada ya ɗauki wannan a matsayin izini. Ya aro tsofaffin kwanon rufi wajen wani ɗan kwangila, ya kakkafa sanduna, ya jera kwanon zagaye da fili. Waya ta ƙare masa, sai ya samo doguwa guda ɗaya ya zarge su duka da ita, yana gaya wa masu wucewa cewa a can ma katangar a haɗe take.

Daga nan ya tara ɗalibai don koyon ihu. Mai tsaron gidan Jurf wani dogo ne mai sanyin hali, sunansa Sabiru.

"In na ɗaga hannu, ku ce: Sabiru! Rariya! Sabiru! Rariya! Haka ake ce musu a can, wato komai ta jikinsa yake wucewa. Yalla, mu je!"

Ya ɗaga hannu. Ba wanda ya buɗe baki. Can wani ɗalibin shari'a ya ɗaga yatsa.

"Ustaz, wannan jifa ne da mugun laƙabi. An hana."

"Ai wasa ne."

"In ba ya wurin giba ce," in ji wani. "In yana wurin izgili ne. Zaɓi wanda kake so."

"Kuma mahaddaci ne," in ji na uku. "Shi ya ja mu tarawihi bara. Da wane baki zan ce wa limamina rariya?"

Aka shiga muhawara. Aka kawo hujja, aka warware ta, aka aika a ɗauko littafi. Daga ƙarshe aka tsaya a kan cewa ana iya ce masa "Allah ya shirye ka" da ƙarfi, tunda addu'a ce, kuma ba wanda ya fi ƙarfinta.

"Na yarda," in ji Maiwada. "Amma ku faɗe ta da fushi."

Ranar wasa da safe ya shigo gida da wani ƙaton kifin tekun Yanbu a naɗe cikin buhu. Matarsa Innayatu ta buɗe buhun, fuskarta ta washe.

"Malam, soyawa za a yi ko miya?"

"Na fili ne. Jefawa za a yi."

"Wa za a jefa?"

"Ba kowa. Ƙasa."

"Ƙasar ce ta ce tana marmarin kifi? Mu da muke cikin gidan ba mu ce ba?"

"Ke ba ki san tsari ba."

"Na san kifi dai." Ta bi shi da kallo yana zura kai cikin jar rigar. "Wannan kuma fa? Jiya na shanya zane, kafin in juya ya bushe."

"Shugaban 'yan kallo ba ya fita ba kaki."

"To Allah ya dawo da kai. In ka dawo da kifin, ku tsaya a waje ku biyun."

Saura sanyi, kuma shi ne gwanintar da Maiwada ya ɓoye wa kowa. Bayan azahar wata a-kori-kura ta tsaya a bakin fili, aka sauke dogayen sandunan ƙanƙara daga masana'anta. Ya sa aka jibge su a bayan ragar da baƙi za su fara tsarewa, don sanyi ya kama Sabiru ta baya ya sandarar masa da yatsu.

Abin da ya manta shi ne, a Madina in aka ga ƙanƙara jibge a waje da rani, ba mai sayarwa a kanta, ma'anarta ɗaya ce: sabil, wato sadakar ruwan sanyi da mutum ke yi wa iyayensa da suka rasu. Hajja Ƙaltume, matar Ammi Abdussamad, ita ta fara hangowa daga saman soro. Kafin Maiwada ya share gumi, labari ya zagaye unguwa. Mata suka fito da bokitai da kuloli da tukwane.

"Allah ya jiƙan mahaifinka, ya waladi," in ji Hajja Ƙaltume. "Allah ya sanyaya kabarinsa kamar yadda ka sanyaya mana."

"Hajja, mahaifina na nan da ransa!"

"To Allah ya ƙara masa lafiya. Miƙo min guduma."

"Ba ta sha ba ce, ta wasa ce."

"Ta wasa?" Ta juya ga sauran matan. "Kun ji tawali'u? Ba ya so a sani."

Yana cikin bayani wata doguwar motar masu umara da ke kan hanyar miƙatin Bi'ir Ali ta ci burki. Direba ya ga taro, ya ga ƙanƙara, bai tambayi kowa ba ya buɗe ƙofa. Mutane suka sauko da butoci da gorunan ruwa, suna yi wa iyayen Maiwada addu'a da harsunan da ko ɗaya bai sani ba. Wani tsoho ya rungume shi ya sumbaci goshinsa. Ba a hana mutum ruwa a Madina, ko Maiwada ya san wannan. Haka ya tsaya cikin jar riga yana amsa "amin", yana kallon sanyin Amurka na tafiya a bokiti. Abin da ya rage ya tattara shi daf da raga, ya ce ai ko wannan ya isa.

Bayan la'asar fili ya cika. Maiwada ya raba wa magoya bayan Sih jaridun da ya bi gida-gida ya tattaro, ya hau kan wata ganga ta ƙarfe, ya tura buhun kifi ƙarƙashin ƙafarsa. 'Yan Jurf suka shigo a jere, Lawali a gaba.

"Jarida!" in ji Maiwada.

Jaridu suka tashi gaba ɗaya, fuskoki suka ɓace. Na ɗan lokaci abin ya yi kyau ƙwarai, har Lawali ya rage tafiya. Sai ga Ammi Abdussamad ya ratso tsakiyar fili cikin farar riga, butar gahawa a hannun hagu, ƙananan kofuna a dama, ana biye da shi da tiren ajwa.

"Ahlan, ahlan da mutanen Jurf! Tafaddalu, ku ƙaraso! Kun sha hanya. Ina babanka, Sabiru? Ƙafar ta yi sauƙi?"

'Yan Jurf suka sha, suka ƙara, suka ci dabino, suka yi wa mai gida addu'a. 'Yan wasan Sih na gefe suna kallo, domin ba a fara da ɗan gida.

Alƙalin wasa ya busa usur. Maiwada ya ce a sauke jarida a yi ihu. Jaridu ba su sauka ba. Cikin tarin da ya kwaso akwai wasu tsofaffin jaridun gida da wani alhaji ya naɗo kilishi da su, kuma ɗaliban sun daɗe rabonsu da ganin rubutun Najeriya.

"Kai! Ashe an yi wa garinmu kwalta!"

"Ina? Miƙo in gani."

"Wa ke da shafi na biyu?"

"Ku dunƙule ku jefa sama!" in ji Maiwada. "Haka ake yi!"

Waɗanda suka sami na Larabci suka dube shi da mamaki. Wace jarida ce ba sunan Allah a cikinta? Suka ninke su a hankali, suka riƙe a ƙirji, don haka hannu ɗaya kawai ya rage musu na tafi.

"To katanga! Ku daki katanga!"

Kwanon ya yini a rana tun hantsi. Samari suka juya suka ɗaga tafin hannu suka sauke a kansa da dukan ƙarfinsu. Ihun da ya biyo baya shi ne mafi ƙarfi da magoya bayan Sih suka yi a kashin farko na wasan, sai dai bai daɗe ba, domin kowa ya koma hura hannu. Ban da wannan, kwanon ya tare 'yar iskar da ta saba ratsowa daga gonakin dabino, fili ya zama tanda. Wuri ɗaya ne ke da sanyi a duk unguwar, shi ne bayan Sabiru. Ya jingina da turken raga, iska mai daɗi na shafar ƙeyarsa, fuskarsa kamar ta mai hutu.

Shittu ya kutso da ƙwallo. Maiwada ya ɗaga hannu.

"Sabiru! Allah ya shirye ka!"

Sun faɗe ta da fushi, kamar yadda aka koya musu. Sabiru ya cafke ƙwallo, ya rungume ta, ya juyo ga 'yan kallo.

"Amin, tare da ku!"

"Ƙara!" in ji Maiwada.

"Sabiru! Allah ya shirye ka!"

Wannan karon magoya bayan Jurf ne suka amsa gaba ɗaya, da wasu dattawan Sih da ba su san tsarin ba. Tun daga nan duk ƙwallon da Sabiru ya kama, filin kan ɗauki "amin" daga kusurwa zuwa kusurwa. Wani mai wucewa ya leƙo ta kafar kwano ya tambaya ko roƙon ruwa ake yi.

A ƙarƙashin ganga kuma kifi ya fara sanar da kansa. Waɗanda ke kusa da Maiwada suka riƙa matsawa a hankali cikin ladabi, har ya zama shi kaɗai ne a filin ke da wurin miƙe ƙafa. Gurbin da mutane suka bari, kyanwoyin unguwa suka cike shi. Suka zauna a jere suna kallonsa ba ƙiftawa. Su ne 'yan kallon da suka fi kowa mai da hankali ga shugabansu.

Duk da haka aka tafi hutu ba wanda ya ci. Wannan bai taɓa faruwa ba a tarihin Sih da Jurf, kuma Maiwada bai bari ya wuce ba.

"Lawali! Ka ga tsari? Wace lamba kake sawa a riga?"

Lawali ya kau da kai. A gaskiya fuskarsa ta ɗan sauya. Shittu ne ya zo bakin ganga yana haki, ya toshe hanci.

"Ustaz, ka san za a sauya raga?"

"To?"

"Je ka ga ragar da za mu koma."

Maiwada ya hanga. Ƙanƙarar ta gama aikinta. Gaban ragar ya zama fadama, ruwa na kwance, taɓo na sheƙi.

"Wannan shi ne amfanin gida," in ji shi. "Ku kun san taɓon, su ba su san shi ba."

"Yaushe muka san shi? Yanzu aka haife shi."

Aka koma. Mai tsaron gidan Sih ya shiga raga yana ɗaga ƙafa kamar zalɓe. Ya faɗi yana neman ƙwallo, ya faɗi yana tashi, ya faɗi ba dalili. Amma taɓon bai nuna son kai ba: duk ɗan Jurf da ya iso bakin raga shi ma sai ya zauna. Ƙwallo kanta takan zo da gudu ta tsaya cak a cikin ruwa. Rana ta yi ƙasa, inuwar kwano ta miƙe, har yanzu ba ci. 'Yan Sih suka ajiye jaridu. Wasu suka fara yi wa Maiwada wani irin kallo, rabi girmamawa rabi fargaba, domin sun tuna cewa in Sih ta ci wasan nan, Amurka za ta zauna da su har su gama digiri.

Shi kuwa a kan ganga, abubuwa sun fara yi masa biyu-biyu. Ulu ya jiƙe ya yi nauyi, gumi na shiga masa ido, warin kifi na hawa kansa. Ya lumshe ido don ya ɗan huta. Bai san iya lokacin da ya ɗauka ba, sai ya ji fili ya tsage da ihu. Ya buɗe ido, ya ga ƙwallo kwance cikin raga, ragar nan da ya yini yana kira ragar baƙi, wadda ya jibge wa ƙanƙara da hannunsa.

"Mun ci!"

Ya fizgo kifi daga buhu, ya kama wutsiya, ya wulwula shi sama da kansa, ya saki. Kifin ya tashi, ya juya a iska, ya faɗo tim kusa da raga.

Ihu ya tsaya. 'Yan Jurf da ke rungumar juna suka saki juna. Mai tsaron gidan Sih, wanda ke zaune cikin taɓo ƙwallo a bayansa, ya dubi kifin, ya dubi Maiwada.

"Ustaz," in ji Shittu daga tsakiyar fili, "mu aka ci."

Ammi Abdussamad ya miƙe daga kan tabarmarsa. Duk yinin nan ya jure kwano da ihu da taɓo a filinsa.

"Ni'imar Allah a ƙasa? Abinci? Wa ya yi wannan?"

Hannuwan unguwa biyu suka nuna ganga.

"Sauko ka ɗauke ta, ya waladi, kafin a taka!"

Maiwada ya diro. Kyanwoyi sun riga shi tashi. Ya zuba da gudu don ya cim musu, ya shiga fadama, ƙafarsa ta dama ta sauka kan wani guntun ƙanƙara da ya ɓuya cikin taɓo. Bai faɗi ba. Da ya faɗi da abin ya zo da sauƙi. Tafiya ya yi a tsaye, ƙafa ɗaya a sama, hannuwa a buɗe, jar riga na kaɗawa. Ya wuce kifi, ya wuce kyanwoyi, ya wuce gefen raga. Iyakar sanin mutanen Sih, shi ne mutum na farko da ya yi gudun kan ƙanƙara a Madina, kuma waɗanda suka gani sun yarda cewa ya yi shi da kyau har zuwa inda katanga ta fara.

Ya daki kwano da ƙirji. Kwanon ya kwanta, ya ja na kusa da shi, shi ma ya ja na gaba, wayar nan guda ɗaya ta riƙe amana. Katanga ta riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya zagaye da fili da ƙarar da ta tayar da tattabarun unguwa duka. Iska ta shigo. Daga nan jama'a suka fashe. 'Yan Sih da 'yan Jurf suka riƙe ciki, suna dukan ƙasa, suna dukan juna. Mata a saman soraye suka rangaɗa guɗa. Ɗalibin shari'ar nan ya durƙusa yana share hawaye da gefen rawani. Wani baƙin muzuru ya wuce ta gaban kowa da kifi a baki, bai ko yi sauri ba.

Alƙalin wasa ya dubi fili, ya dubi rana, ya tambayi Shittu ko za a ci gaba.

"A ina?" in ji Shittu.

Aka busa tashi, Jurf na da ɗaya, Sih ba ko ɗaya.

'Yan Jurf ne suka zaro Maiwada daga ƙarƙashin kwano. Suka cire masa rigar, suka kwantar da shi a tabarmar Ammi. Sabiru ya samo ɗan guntun ƙanƙara ya ɗora masa a goshi yana yi masa sannu. Har yanzu fili bai daina ruri ba. In dariya ta lafa a wannan gefe sai ta tashi a wancan. Maiwada ya kwanta yana saurare, a hankali fuskarsa ta fara haske. Ya kamo hannun Lawali da ke tsugune kusa da shi.

"Lawali, ka ji? Ka ji wannan ƙarar? Wannan ita nake gaya muku! Wallahi ko a..."

Ya tsaya. Jumare mai shayi ya matso ya tsaya a kansa, hannuwa a baya. Shittu ya matso. Waɗanda ke kusa suka kasa kunne.

"Ko a ina, ya shehi?" in ji Lawali a hankali.

Maiwada ya dubi fuskokin da suka kewaye shi ɗaya bayan ɗaya, bai ga mai niyyar yafewa ba.

"Ko a kasuwar Ɗanbatta," in ji shi. "Ranar Lahadi."